Dutsen niƙa kafin dutsen yanka: yadda talakan Aztek ya rayu

"Malam, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Duk lokacin da muka zo kan mutanen Aztek na ƙasar Meksiko, abin da ke cikin littafinmu bai wuce yanka mutane da zuwan Turawan Sifaniya ba. Rannan wata ɗalibata ta ce: to, su waɗanda ba a yanka ba fa, me suke yi daga safe zuwa dare? Me suke ci, wa ke mulkinsu, kuma ɗan talaka yana iya zama wani abu? Na rasa abin da zan ce mata. A taimaka mini."

Malama, ki gaishe mini da wannan ɗaliba. Na daɗe ina koyar da tarihin duniya ga waɗanda suka girme ta, kuma da wuya a samu mai yin irin tambayarta. Kowa so yake ya ji mutum nawa aka fasa wa ƙirji. In na fahimce ki, abu uku kike nema: me talaka ke yi da yininsa, wa ke da iko a kansa, kuma ko akwai tsanin da zai taka ya haura. Zan amsa su a haɗe, domin a wurin mutanen nan abin da mutum ya ci, da abin da ya yafa, da matsayinsa, igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Mu fara gyara suna. A zamanin ƙarfinsu Mexica suke kiran kansu, ana furta shi Meshika, kuma daga nan sunan Meksiko ya fito. Kalmar Aztek daga Aztlan take, wurin da suka ce kakanninsu suka taso, marubutan ƙarni na 19 ne suka yaɗa ta. Harshensu Nahuatl, har yau fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi na magana da shi. Baƙi ne a kwarin Meksiko. Sun zo sun tarar an rabe ƙasa mai kyau, sai suka sauka a wani tsibiri mai fadama cikin tafkin Texcoco suka kafa Tenochtitlan, a 1325 bisa lissafinsu. Kusan shekara ɗari suna barantaka ga sarakunan Azcapotzalco, suna yi musu yaƙi suna kai musu haraji. A 1428 suka haɗa kai da garuruwan Texcoco da Tlacopan suka kayar da iyayen gidan nasu. Daga nan zuwa 13 ga Agusta 1521, ranar da aka kama sarkinsu na ƙarshe, Cuauhtemoc, shekara 93 ce kacal. Daular ba ta cika ɗari ba, amma noma da girki da saƙar da zan ba ki labari sun girme ta nesa, kuma da ta faɗi ba su faɗi tare da ita ba.

Gari a kan ruwa, kaya a kan mutum

Abu na farko da nake sa ɗalibaina su cire daga ransu shi ne dabba. Babu doki, babu jaki, babu raƙumi, babu saniya, babu akuya, babu amalanke. Duk abin da ya shiga birnin nan, ko kwalekwale ya kawo shi ko bayan mutum. 'Yan dakonsu, tlameme, sukan ɗauki kimanin kilo 23 da maɗauri a goshi, su yi tafiyar sama da kilomita 20 a yini. Ɗan dako kuwa yana cin abinci a hanya. In tafiya ta yi nisa, sai ya cinye kusan kimar abin da ya ɗauko. Shi ya sa daga nesa kayan da ba su da nauyi amma suke da tsada aka fi kawowa, auduga da gashin tsuntsu da 'ya'yan koko (wanda ake yin cakulan da shi), hatsi kuma dole ya fito daga kusa.

Tafkin ne ya warware musu wannan. Kwalekwale ɗaya yana ɗaukar kayan 'yan dako da yawa, mutum guda ya tuƙa shi. A kudancin tafkin kuma, wajen Xochimilco da Chalco inda ruwan ba gishiri, suka yi gonakin da ake kira chinampa. Ana kafa turaku a ruwa mara zurfi, a saƙa shinge, a cika da ciyawar ruwa da taɓon ƙasan tafki har ya ɗago sama da ruwa, a dasa itatuwa a gefe saiwarsu ta riƙe ƙasar. Wasu littattafai suna cewa gonaki ne masu yawo a kan ruwa. Ba sa yawo. Na shiga kwalekwale a Xochimilco lokacin da wani taro ya kai ni Meksiko, na taka ɗaya da ƙafata, ƙasa ce tsayayyiya, baƙa wuluk, mai danshi ko ba a yi ban-ruwa ba. Manomin fadama zai gane ta nan take. Suna yin rainon iri a gefe, ana cire amfani ana dasa wani, gona ba ta hutawa. Taki kuwa har da bayan-gidan mutane, wanda ake tarawa a kwalekwale daga makewayan da aka gina a bakin hanyoyi.

Birnin ya kai kimanin murabba'in kilomita 13, hanyoyi uku da aka gina a kan ruwa suka haɗa shi da tudu, ruwan sha kuma daga maɓuɓɓugar Chapultepec ta magudana biyu, ana wanke ɗaya ɗaya na aiki. Bayan wata ambaliya a tsakiyar ƙarni na 15 aka gina madatsa mai tsawon kusan kilomita 16, wadda ake danganta wa Nezahualcoyotl sarkin Texcoco, ta raba ruwan gishiri da na daɗi. Adadin da aka fi ambata na mazauna birnin shi ne 200,000, ko da yake akwai masana da ke ganin ya yi yawa. Duk waɗannan gine-gine talaka ya yi su, da aikin dole na karɓa-karɓa da suke kira coatequitl, mai kama da gayya sai dai ba a ƙin zuwa.

Asuba a gidan talaka

Ƙarar farko da za ki ji a gidan ita ce ta tsintsiya, don shara a wurinsu har ibada ce. Ta biyu ta dutsen niƙa. Tun daren jiya uwargida ta tafasa masara da ruwan farar ƙasa ƙonanniya ko ruwan toka, ta bar ta ta kwana a jiƙe. Da safe ta wanke, ta durƙusa ta niƙa da danshinta har ta zama ƙulli, ta mulmula ta faɗaɗa da tafin hannu, ta gasa a kasko mai faɗi. Wannan siririyar gurasa ita ce tlaxcalli, wadda Sifaniyawa suka sa wa suna tortilla. Ba ta kwana da daɗi, don haka kullum sai an sake. An ƙiyasta cewa ciyar da gida ɗaya yana cin kusan sa'o'i biyar na niƙa kowace rana.

Wannan jiƙon da toka ya cancanci a tsaya a kansa. Na gwada shi a gida, maiɗakina na kallona tana dariya. Bawon masarar ya saluɓe da kansa, ƙwayar ta ƙara rawaya, ƙamshinta ya sauya, kuma da aka niƙa sai ƙullin ya kama jikinsa, abin da garin masararmu ba ya yi sai an tuƙa. Amfanin da ido ba ya gani ya fi wannan. Jiƙon yana sakin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin masara, jiki ya iya amfana da shi. Da masara ta ƙetare teku, dabarar ba ta biyo ta ba, shi ya sa talakawan arewacin Italiya da jihohin kudancin ƙasar Amurka da wasu sassan kudancin Afirka da suka dogara da masara zalla suka sha fama da cutar felagira, mai lalata fata ta kawo gudawa da ruɗewar hankali. Mutanen Meksiko ba su san wannan annoba ba.

Mahaɗin gurasar shi ne wake da barkono da tumatir da kabewa. Akwai atolli, kununsu na masara, da tamalli, ƙulli da ake naɗewa a bawon masara a turara kamar alala. Suna cin ganyen alayyafo da ƙwayarsa. Nama ƙaranci yake: talo-talo da wani irin kare da ake kiwo don ci, su ma sai biki. Tafkin ya cike gurbin da kifi da agwagwar daji da kwaɗi da ƙwan ƙwarin ruwa, da wani koren gansakuka da ake kwasa daga saman ruwa a busar kamar cuku. Ki ce wa ɗalibanki su leƙa kicin ɗin gidansu. Masara da tumatir da barkono da kabewa duk daga wancan ɓangaren duniya suka zo mana, kuma kalmar tumatir kanta jikar tomatl ce ta Nahuatl. Kokon da Gana ke tinƙaho da shi, a can abin shan sarakuna da jarumai da manyan fatake ne, ana shan sa da sanyi da kumfa, wani lokaci da barkono. Talaka ya fi ganinsa a matsayin kuɗi.

In an gama niƙa sai kaɗi da saƙa, su ma aikin mace ne, daga 'yar baiwa har 'yar sarki. Masaƙarsu ba ta da ƙafa: a ɗaura gefe ɗaya a jikin itace, ɗayan a ƙugun mai saƙa. A nan nake ganin littattafan makaranta suka fi yin sakaci. Mayafin auduga, quachtli, shi ne babban kuɗin ƙasar, kuma shi ne kan gaba a kayan haraji. Da shi sarki ke yi wa jarumi kyauta, da shi ake sayen bawa, da shi ake biyan tara. Ke nan macen da ke zaune a tsakar gida da mazari ita ce ke buga kuɗin daula. Abin takaicin, matar talaka tana saƙa audugar da doka ta hana ta sawa.

Daga cibiya zuwa aure

Ungozoma ba karɓar haihuwa kaɗai take yi ba, har jawabi take yi wa jariri. In namiji ne ta gaya masa nan ba gidansa ba ne, masauƙi ne, gidansa fagen fama, a ba mayaƙa cibiyarsa su binne a can. In mace ce a binne tata kusa da murhu. Ana kiran mai duba ya buɗe littafin kwanaki 260 ya ga ranar da aka haife shi; in ranar ba ta da sa'a sai a ɗaga wankan suna zuwa mai kyau. Macen da ta rasu wajen haihuwa darajarta ɗaya da jarumin da ya faɗi a yaƙi, suna cewa irinta ne ke raka rana daga tsaka zuwa faɗuwa.

Akwai wani kundi mai zane da masu zanen ƙasar suka yi wajen 1541, ana kiransa Kundin Mendoza, yana Oksfod a Ingila yanzu. Sashensa na uku yana bin yaro shekara bayan shekara, har da rabon abincinsa: ɗan shekara uku rabin gurasa, huɗu da biyar guda ɗaya, shida zuwa sha biyu ɗaya da rabi, sha uku da sha huɗu guda biyu. Ɗan shekara shida ana aika shi kasuwa ya tsinto ƙwayar masara da wake da suka zube, 'yar'uwarsa na koyon mazari. Horo kuwa ba wasa: tsira da ƙaya, da turara yaro a hayaƙin barkono yana ɗan sha ɗaya, da kwantar da shi a ƙasa mai danshi a ɗaure yini guda. 'Yar sha uku tana niƙa, 'yar sha huɗu tana saƙa, sa'anta namiji yana su a kwalekwale.

Makaranta iri biyu ce. Telpochcalli tana cikin unguwa, 'ya'yan talakawa maza ke kwana a can suna koyon yaƙi da aikin gayya. Calmecac tana jikin ɗakin bauta, yawanci ta 'ya'yan manya ce, a can ake koyon karatun zane da lissafin kwanaki da shari'a da iya magana, da azumi da tashin dare. Da yamma samari da 'yan mata kan je gidan waƙa, inda ake haddace tarihi da addini ta hanyar waƙa da rawa. Aure tsofaffin mata ke nemowa, iyayen yarinya su ƙi a zuwan farko don kada a ce suna neman kai da ita. Da dare ake goyo amarya a kai ta da fitilun itace, a zaunar da su a tabarma gaban murhu, a ƙulla bakin mayafinsa da bakin rigarta. Masu sarauta suna tara mata da yawa, kuma ki tuna kowace mace masaƙa ce. Mace tana gado, tana mallakar dukiya, tana ciniki a kasuwa, tana kai ƙara gaban alƙali.

Ɗan talaka yana iya zama wani abu?

Talaka, macehualli, ba shi kaɗai yake tsaye gaban sarki ba. Yana cikin calpulli, wato unguwa ko ƙauye mai ƙasarta da ɗakin bautarta da makarantarta da shugabanta, wani abu tsakanin mai unguwa da babban gida. Ƙasar ta jama'a ce, ana ba magidanci ya noma, ɗansa ya gada, amma ba ya sayarwa, kuma in ya bar ta ba noma shekara biyu zuwa uku a karɓe a ba wani. Ta hannun calpulli ake karɓar haraji, ake fitar da ma'aikata da mayaƙa. Akwai kuma waɗanda ke noma gandun masu sarauta, ba su da wannan kariya. A sama akwai pipiltin, 'ya'yan sarauta, a ƙolinsu tlatoani, ma'anarsa mai magana.

Dokokin da ake danganta wa Moctezuma na farko, wanda ya yi mulki daga 1440 zuwa 1469, sun sa ana gane matsayin mutum tun daga nesa. Talaka ba ya sa auduga, sai zaren maguey, wani tsiro mai ƙaya da ya yi kama da kabar giwa amma ya fi ta girma sosai. Mayafinsa ba ya wuce gwiwa, sai in tabon yaƙi yake rufewa. Ba ya gina bene. Daga maguey ɗin nan ake samun octli, giyarsu mai kama da bammi, kuma buguwa a fili laifi ne da kan kai ga aske kai da rushe gida, in an maimaita kisa. Tsoho ɗan saba'in ne aka sakar wa mara. Wani abin da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne cewa ɗan sarauta ya fi talaka shan hukunci a kan laifi ɗaya, don an ce shi ya fi sani.

To, ƙofa a buɗe take ko a rufe? A buɗe, amma ƙunci gare ta, kuma babbarta yaƙi ce. Ba kisa ake ƙirgawa ba, kamu ake ƙirgawa. Yaro yana barin tukku a ƙeya, ba a aske masa sai ya kamo fursuna, kuma wanda ya je yaƙi sau da yawa da tukkunsa har 'yan mata na yi masa ba'a. Kowane kamu da irin mayafin da sarki ke bayarwa. Wanda ya kamo huɗu ya shiga sahun manya, ya sa auduga da takalmi, ya ci abinci a fada, ana iya ba shi ƙasa da muƙami. Sai dai ki lura da wanda aka shirya wa cin wannan gasa: ɗan sarauta ya fi samun horo da makami da masu tsaron bayansa. Da Moctezuma na biyu ya hau a 1502 ma, sai ya kori talakawan da magabacinsa Ahuitzotl ya ɗora a muƙaman fada, ya cike da 'ya'yan manya. Ƙofar tana ƙara tsukewa ke nan tun kafin Turawa su iso.

Ƙofa ta biyu fatauci, ko da yake ita gado ce. Pochteca fatake ne na nesa, da madugansu da kotunansu da abin bautarsu, suna kaiwa har Xoconochco kusa da iyakar Guwatemala ta yau don koko da gashin tsuntsun quetzal. Suna yi wa sarki leƙen asiri, kuma taɓa su dalilin yaƙi ne. Duk da dukiyarsu, da dare suke shigowa gari, kaya a lulluɓe, su sauke a gidan wani ɗan'uwa, su fita da tsummoki, don idon masu sarauta ba alheri ba ne. Masu aikin gashin tsuntsu da maƙeran zinariya su ma suna da unguwanninsu da darajarsu.

Ƙofar sauka ta fi faɗi. Bauta a wurinsu ba a gadonta, ɗan baiwa ɗa ne, har Itzcoatl, sarkin da ya jagoranci nasarar 1428, ruwayoyi sun ce uwarsa baiwa ce. Mutum yakan zama bawa ta sata, ko bashi, ko caca a wasan patolli, ko ya sayar da kansa don yunwa. Bawa yana iya aure, ya tara dukiya, ya fanshi kansa, kuma wanda ya kuɓuce daga kasuwa ya shiga fada ya 'yantu, ba mai ikon tare shi sai ubangidansa da 'ya'yansa. Kada wannan ya sa a ɗauka abin da sauƙi. A yunwar da ta biyo bayan sanyi da fari daga 1450 zuwa 1454, iyaye sun sayar da 'ya'yansu ga mutanen bakin teku inda aka samu amfani, ruwayoyi suka ce budurwa a kan zangarniyar masara 400, saurayi 500. Bawan da aka sayar sau da yawa don taurin kai kuwa, fatake na iya sayensa su miƙa shi hadaya. Mai iya rawa mayafi 40, wanda bai iya ba 30.

Duk waɗannan mutane a kasuwa suke haɗuwa. Ta Tlatelolco, garin da Tenochtitlan ta ci a 1473, ita ce uwa. Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya rubuta wa sarkinsa a 1520 cewa mutum 60,000 ke cika ta a rana. Ko da ya ƙara gishiri, sojojinsa da suka ga Rum da Istanbul sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Kowane kaya da layinsa. Da ƙirga da mudu ake sayarwa, ba sikeli. Alƙalai goma ko sha biyu na zaune a wani ɗaki suna yanke hukunci nan take, masu zagaye na fasa mudun da aka yi wa coge. 'Ya'yan koko su ne canji, kamar yadda wuri ya kasance a kasuwar Kurmi, kuma har jabunsu ake yi: a ƙwaƙule ƙwayar a cusa taɓo a bawon.

Jinin fa?

Ba zan ce ki share shi ba, don ya faru. A 1978 ma'aikatan lantarki suka ci karo da wani katon sassaƙaƙƙen dutse a tsakiyar birnin Meksiko, daga nan aka tono babban ɗakin bautarsu. A rami ɗaya an sami ƙasusuwan yara 42 da aka miƙa wa Tlaloc, abin bautar ruwan sama. Daga 2015 an tono hasumiyar ƙoƙunan kai, an ƙirga fiye da 600, har da na mata da yara. Adadin 80,400 da aka ce an yanka a bikin 1487 kuwa, kwana huɗu aka ce an yi ana bikin, lissafi kaɗai ya isa ya nuna ba zai yiwu ba. Sun yi imani cewa allolinsu sun zubar da jininsu don a yi duniya, mutum kuma bashi yake biya; sarakuna suka mai da wannan imani makamin tsoratarwa, har sarakunan abokan gaba ake gayyata su kalla. Yawancin waɗanda ake yankawa fursunonin yaƙi ne da bayi. Rabon talakan birni shi ne kallo da rawa da azumi, da tsira kunnensa da ƙaya ya ɗiga jini, da turare a gaban gumakan gida. Amma shi ne kuma ke fita kamo fursunan, kuma in abokiyar gabarsu Tlaxcala ta kama shi, makomarsa ke nan.

Wane Aztek ake magana?

Kusan duk abin da na faɗa na birni ne, birnin kuma da gumin wasu ya yi ƙiba. Kundin Mendoza ya lissafa larduna 38 masu biyan haraji, wasu kayan duk kwana 80: mayafai a ƙunshin ɗari huɗu-huɗu, hatsi, zuma, takarda, kayan yaƙi. Lardin Tochtepec kaɗai yana kai ƙwallayen roba 16,000. Daular ba ta cika cire sarakunan da ta ci ba, takan bar su ta aiko mai karɓar haraji, don haka talakan lardi iyayen gida biyu yake ciyarwa. Michael Smith, mai binciken tonon ƙasa, ya tono gidajen manoma a Capilco da Cuexcomate a jihar Morelos. Ɗakuna ne na kimanin murabba'in mita 15, amma a jujinsu akwai wuƙaƙen baƙin dutse mai kama da gilashi daga nesa, da tukwanen gishiri, da allurar tagulla, da fentattun kwanuka, ga mazarai ko'ina. Manomi yana cikin kasuwa sosai, ba a rufe yake ba. Sai dai binciken ya nuna jin daɗinsu ya ragu a zangon ƙarshe, lokacin da jama'a ta ƙaru haraji ya ninku. In aka tambaye ki yadda 'yan ɗaruruwan Sifaniyawa suka ci daula, ga rabin amsar: dubban mayaƙan Tlaxcala da na wasu garuruwa ne suka yi yawancin yaƙin, cutar agana ta 1520 ta yi saura.

Ga iyakar abin da za ki jingina da shi. Ni malamin tarihi ne, da fassara nake karanta rubutun Nahuatl, aikin tono kuma na wasu ne nake ɗauka. Mafi girman madogararmu, kundi mai littafi 12 da Bernardino de Sahagún ya kammala wajen 1577, yana Fulorens a Italiya yanzu, dattawa maza 'yan sarauta ne suka ba da labarinsa, shekaru da dama bayan faɗuwar birnin, samari 'ya'yan manya da suka yi karatun mishan suka rubuta, shi Sahagún, limamin Kirista, ya tsara. Irin wannan majiya takan faɗi yadda ya kamata a yi fiye da yadda ake yi. Ban yarda kowace uwa tana auna gurasa ɗaya da rabi ba, kuma yawan dokokin giya kansa shaida ce cewa ana sha. Muryar matar talaka ba ta iso mana kai tsaye ba. Mazarinta da dutsen niƙanta ne suka iso.

Abin da nake yi a aji, kuma za ki iya gwadawa, shi ne na rubuta a allo farashin kasuwar Tlaxcala na 1545, wanda aka rubuta da Nahuatl kuma har lokacin da koko ake ciniki: macen talo-talo ƙwaya 100, namiji 200, ƙaramin zomo 30, ƙwan talo-talo 3, babban tumatir 1, tamalli 1. Mayafi kuwa daga ƙwaya 65 zuwa 100 gwargwadon kyansa. Sai na raba wa kowa ƙwayar gyaɗa ɗari a madadin koko, na ce wannan kuɗin mayafi ɗaya ne da kika yi kwanaki kina saƙawa bayan kin gama niƙa, ki ciyar da gida. In sun gama kasafi, sai na aiko mai karɓar haraji ya bi layi.